Takun Lahadi na Sista Dineke

Shekara talatin da ɗaya Dineke Veldhuizen ta yi tana tuka keke gida-gida a ƙauyenmu na Elshorst, tana yi wa tsofaffi wanka, tana ja musu safar nan mai matse ƙafa, tana soka musu allurar ciwon suga, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a samu mahalukin da ya dubi tsabar idonta ya ce mata malalaciya ba. Sai da ta cika hamsin da huɗu sannan aka samu mai faɗa. Shi ma ba mutum ba ne, wani ɗan baƙin agogon roba ne da bai kai akwatin ashana ba.

Duk wanda ya san ƙauyen ya san Sista Dineke. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ƙwaurinta kamar taɓarya saboda keke, kuma ko ana zabga ruwa ko ana ƙanƙara siket ɗinta ba ya barin idon sawu. Ƙarfe shida da rabi ta fice, jaka biyu rataye a bayan keke, ɗaya ta kayan aiki, ɗaya ta burodi da cuku da gorar kofi. Kafin rana ta raba ta shiga gida goma sha ɗaya. Ba ta da hira, ba ta iya lallashi ba. Tsohon da ya ce yau ba ya jin wanka, sai ta ce masa, "Ni ma ba na jin yi maka, tashi mu gama." Amma da aka taɓa canza mata unguwa na wata guda, tsofaffin nan suka dami ofis da waya har aka dawo musu da abarsu.

Aure bai yiwu ba. Wani mai kiwon kaji ya nema tana da shekara ashirin da tara, a daidai lokacin da uwarta ta kwanta ciwo. Ya jira shekara biyu, ya gaji, ya auri wata. Dineke ba ta riƙe shi a rai ba, ita ce ma ta yi wa uwarsa wanka har tsohuwar ta cika. Tun rasuwar tata uwar take zaune da mahaifinta, Baba Evert, a tsohon gidan gonarsu da ke bakin gari, kilomita biyu da 'yan kai daga coci.

Baba Evert shekararsa tamanin da uku, kuma tun da ya sayar da shanunsa maganarsa ta ƙare, don dama da su yake hira. Kwana shida na mako abin da 'yarsa ke samu a bakinsa bai wuce uku ba: ina kwana, za a yi ruwa, miyar nan ta yi gishiri. Ba ya yabo, ba ya runguma. Sai ranar Lahadi.

Gidansu na cikin gidajen da har yanzu suke riƙe da Lahadi yadda kakanni suka bar ta. Tun yammacin Asabar an feraye dankali, an dafa miya, an goge takalma, an kashe waya an jefa a durowa, an kulle keke a rumfa. Yawancin 'yan cocinsu sun sassauta, suna zuwa sujada a mota, su faka ta can nesa su ƙarasa a ƙafa da fuskar salihai. Baba Evert ba ya cikinsu. Ƙafa yake zuwa, safe da yamma, zuwa da dawowa. In ya sa baƙar kwat ɗinsa ya ɗora malfa, sai ya tsaya a ƙofar shinge ya ɗan turo gwiwar hannunsa, Dineke ta zura nata a ciki, su kama hanya ƙafarsu na sauka tare. Iyakar taɓawar da ke tsakaninsu ke nan a mako. Don ita Dineke ke karɓar aikin kowace Asabar da kowane hutun shekara, a bar mata Lahadinta. Da za a yanka ta ba za ta faɗa ba, amma ba abin da take so a duniya kamar wannan tafiyar.

Ta kuma san ana iya rasa ta. Da can su uku ne, ƙanenta Wouter yana ɗaya gefen. Wata Lahadi Baba ya same shi a cikin mota a rumfa, ya rufe gilas yana sauraron ƙwallo a rediyo. Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Da lokacin sujadar yamma ya yi, Baba ya fita shi kaɗai minti goma kafin lokaci, shi ke nan. Yau shekara goma sha tara, in Wouter ya zo ana ba shi kofi, a tambayi yara, amma Baba bai sake jerawa da shi a hanya ba.

To, a cikin wannan zaman lafiya ne manyan ofis na birni suka tashi wata safiya da tausayin ma'aikatansu. Suka ce ma'aikatan jinya suna kula da kowa ba sa kula da kansu, don haka za a raba agogon ƙirga taku, a yi gasa. Wadda ta kawo kwalin ita ce Marloes, shugabar ƙungiyarsu, mai 'ya'ya uku da shekara talatin da takwas, irin matan nan da ke fita gudu tun duhun asuba su dawo su haɗa wa yara abincin makaranta suna murmushi. Ba ta da mugunta ko kaɗan. Bakinta ne kawai ba shi da birki.

"Ga naki, Yaya Dineke," in ji Marloes. "Ki ɗaura a hannu, aikinki ya ƙare. Shi zai ƙirga takunki ya tura wa wayar aiki, ita kuma ta tura ofis. Ƙungiya goma sha ɗaya ce, sati shida. Wadda ta fi taku ta ci."

"Ta ci me?"

"Wuni guda a gidan wankan tururi, mu bakwai ɗin nan duka."

Dineke ta san wurin da labari. Maza da mata ake zubewa a kan benci ɗaya, ba mai ko zare a jikinsa.

"Allah ya kiyashe ni," ta ce.

"To ki ciyo mana, mu je mu yi zufar a madadinki."

Ta ɗaura, don ba ta saba musu da kayan aiki ba. A ranta kuwa dariya take. Macen da ke cin kilomita talatin kullum ai ba ta da abokin gasa a cikin 'yan matan nan masu yawo a ƙananan motoci.

Ashe agogon bai san keke ba. Shi lilon hannu yake ƙirgawa, hannun Dineke kuwa yana kafe a kan kambun keke tun safe. Ranar farko ta yi kilomita talatin da biyu, goma daga ciki iska na dukan ƙirjinta, ta dawo gida ta duba: taku dubu biyu da ɗari huɗu. Rana ta biyu, ta gama ciccibo tsoho Harm daga baho, mutum mai kilo ɗari da huɗu wanda ba ya taimaka wa mai ɗaukarsa da komai, tana tsaye tana mayar da numfashi, sai abin ya yi mata zirr a hannu. Ta kawo shi kusa da ido. An rubuta: "Yau ba ki motsa sosai ba. Daure ki ɗan tashi!" Har da ɗan hoton fuska mai murmushi.

"Sista, lafiya?" in ji Harm yana ɗiga.

"Zagina aka yi. Ɗaga hannu."

Kafin Juma'a sunanta ya zauna daram a gindin jerin da kowa ke gani a waya, ƙarƙashin Ilse wadda cikinta ya shiga wata takwas. Sauran kuwa kowa ta samo dabararta. Wata ta koma faka mota a ƙarshen layi, wata tana tattaki a gaban talabijin, wata ta gano in ta juya miya da hannun agogon tana samun taku ɗari uku ba ta ɗaga ƙafa ba. Duk da haka ƙungiyarsu ce ta tara cikin goma sha ɗaya, kuma kowa ta san nauyin wa ake ja.

"Ki ɗaura shi a ƙafa mana," in ji Marloes a wurin shan kofi. "Feda za ta ba ki dubu ashirin. Ƙarƙashin siket ɗin nan naki ko tunkiya kika ɓoye ba mai gani."

"Taku aka ce, ba juya feda ba. Ni ba na ƙarya."

"Kai, Yaya! Gaskiyarki za ta hana mu wanka."

Aka yi dariya, ita ma ta ɗan motsa baki. Amma abin ya ci mata rai. Shekara talatin da ɗaya ita ce wadda ake kira in aiki ya gagara, yau ga ta ta zama kayan da ake ja.

Lahadin farko mantuwa ce tsagwaronta, wannan kam zan iya shaida. Ta kashe waya ta jefa a durowa kamar kullum, agogon kuwa ya saje da hannunta, hannun rigar coci ya rufe shi. Suka je suka dawo, suka sake zuwa suka sake dawowa. Baba yana riƙe da hagunta, agogon yana dama, yana lilo yana ta aikinsa.

Safiyar Litinin ta kunna waya, wayar ta kama rawa a kan tebur. Taku dubu goma sha shida da ɗari tara. A ranar da duk matan gundumar ke kwance da rigar barci har sha ɗaya, mace ɗaya ta taka ƙasa kamar mai gudun hijira, ta ɗauko ƙungiyarta daga ta tara ta dire ta a ta biyar. Da ta shiga ofis, mata shida suka miƙe tsaye suna tafi, har Ilse da cikinta. Dineke ta tsaya riƙe da gorar kofinta, kunnuwanta sun yi ja. A cocinsu ba a tafa wa mutum, balle a gidansu. Tun da aka haife ta ba a taɓa yi mata ba. Ta ji daɗi, in faɗi gaskiya, daɗin har cikin ƙashinta.

Daga nan shari'a ta tashi a cikin kanta, kuma a kan keke ake zamanta. Tsakanin gidan Harm da gida na gaba sai ta yanke hukunci cewa gasa a ranar hutu laifi ne, ba wani kwana-kwana. Kafin ta kai gida na uku ta ɗaukaka ƙara: ai ita ba gasa take ba, coci take zuwa kamar yadda ta saba, ba ta ko duba fuskar abin. Agogon ne ke aiki, ba ita ba. Sai kuma ta tuna tun suna yara an koya musu hutun ya haɗa da baran gida da dabbar gida. To agogo bara ne ko dabba? Na bangon falo ma ai yana aiki ranar Lahadi, Baba da kansa ke ɗaure shi daren Asabar. Da wannan hujjar ta bangon falo ta sallami kanta. Abin da ba ta yarda ta kawo gaban shari'ar ba shi ne tambaya guda: in ba laifi ba ne, me ya sa take jan hannun riga har kan yatsu?

Lahadi ta biyu saura ƙiris asiri ya tonu. Faston nasu ba ya wa'azin da ya gaza minti hamsin, kashi uku yake raba shi, kowane kashi jama'a su jefa alewar minti ɗaya a baki su tsotsa a hankali. Ana tsakiyar kashi na biyu, cocin ya yi tsit, agogon ya ga matar nan ta daɗe a zaune, ya yi zirr, zirr, a kan katakon benci. Matar dattijon coci da ke gefenta ta waigo da malfarta gaba ɗaya. Dineke ta ƙaƙaro tari, ta danne hannun a cinya, ta miƙa wa matar minti na uku tun lokacinsa bai yi ba. Matar ta karɓa tana dubanta kamar wadda aka ba cin hanci. Baba dai idonsa na kan fasto, kunnensa na dama kuma ya daɗe da yin ritaya.

Sati na huɗu suka hau matsayi na uku, kuma a nan ne Dineke ta yi abin da ba ta da hujjarsa ko a kan keke. Suna fitowa daga sujadar safe ta ce, "Baba, mu bi ta daji yau. Ganye ya yi kyau."

Baba Evert ya dube ta. Shekara hamsin da huɗu bai taɓa jin 'yar nan ta yabi ganye ba. Amma ya juya suka bi ta daji, hanyar da ta ɗara tasu da taku dubu da ɗari ɗaya, ta riga ta auna. Da suka iso gida ya zube a bencin ƙofa, fuskarsa ta yi fari fat, ya sunkuya zai kwance igiyar takalmi hannunsa ya kasa. Ita ta durƙusa ta kwance masa. Ma'aikaciyar jinya ce, ta san abin da take gani, kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga kai. A wurin ta yi alkawari tsakaninta da Mahaliccinta cewa an gama.

Ranar Litinin suka wayi gari su ne na biyu, tazarar taku dubu huɗu kacal tsakaninsu da na ɗaya. Marloes ta kawo kek, ta kuma tatsi labarin hanyar daji a bakin Dineke. Daren Asabar Dineke ta cire agogon ta sa a durowa kusa da waya, ta rufe, ta ji ta zama mutum. Da safe ta sa malfa, ta ɗauki jaka, ta kai ƙofa, ta ce ta manta hankici, ta koma. Ba hankici ta ɗauko ba.

An tashi sujadar safe, jama'a sun cika titin coci, baƙaƙen kwat da malfuna ana tafe a hankali ana gaisawa ƙasa-ƙasa. Sai ga wani abu ruwan lemo ya ɓullo daga kwana yana tsalle. Marloes ce, cikin matsattsen wandon gudu, gumi na zuba, waya ɗaure a damtse. Jama'a suka dare mata hanya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Dineke ta sunkuyar da malfa tana roƙon Allah ya sa ta wuce. Ina!

"Ga ta nan! Gwarzuwar Lahadi!" Marloes ta ja birki a gabansu tana ci gaba da tsalle a wuri ɗaya don kada lissafinta ya tsaya. Ta cafko hannun Dineke ta yaye rigar. "Mu gani. Dubu huɗu da ɗari shida tun kafin sha biyu! Yaya, ke ba mutum ba ce." Sai ta juya ga tsohon, ta ɗaga murya yadda ake yi wa tsofaffi, har na bakin ƙofar coci suna ji. "Kai ne Baban? Baba, na rantse kai ne injin ƙungiyarmu! Ba don tattakin nan naku ba da mun sha ƙasa tuntuni. Don Allah ka daure ku sake bi ta daji kamar wancan satin, saura ƙiris mu kamo su!"

Agogon na nan tsirara a hannun Dineke, fuskarsa ta kawo haske, dattawan coci biyu da matansu suna kallo. Ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Amma ba dattawan ne suka dame ta ba. Abin da ta ji shi ne hannun Baba yana zamewa daga nata a hankali, ba fizga, ba fushi, kamar mai cire safar hannu.

Ya ɗaga wa Marloes malfa. "Sannu, 'yar nan. A gaida gida." Ya kama hanya shi kaɗai.

Marloes ta daina tsalle. "Yaya, na yi ɓarna ko?"

"Ci gaba da gudunki," in ji Dineke.

Ta bi shi a baya, tazarar taku goma, kilomita biyu cur, tana kallon ƙeyarsa. Agogon bai fasa ƙirgawa ba.

Aka ɗumama miyar jiya aka sha, ba wanda ya ce ta yi gishiri. Baba ya yi karatun bayan abinci da muryarsa ta kullum, ya rufe littafi, ya shiga ɗaki ya kwanta. Dineke ta cire agogon ta wurga a durowa, ta zauna a falo ta tasa agogon bango a gaba. Huɗu saura kwata suke fita sujadar yamma. In ya fita kafin nan, ta san ma'anarsa, ta ga an yi wa wani. Tsoro take ji, irin wanda ba ta ji ba tun tana yarinya. Macen da ta rufe idon mamata sun fi ɗari, ga ta tana murza bakin tebur saboda tsoho zai sa takalmi.

Uku da rabi ta ji motsinsa. Ta miƙe ta ɗora malfa, ta tsaya a zaure kamar mai jiran hukunci. Ya fito, ya sa kwat, ya wuce ta bai dube ta ba, ya buɗe ƙofa. Ta leƙa ta taga. Ya kai ƙofar shinge ya tsaya, hannayensa biyu a baya. Minti ɗaya, minti biyar, minti goma, yana tsaye yana kallon gonar maƙwabci. Sai da huɗu saura kwata ta buga daidai sannan ta fito.

"Ina abin?" ya ce.

"Yana durowa, Baba."

Ya kama hanya, ta jera da shi. Bai ba ta hannu ba, bai kuma kore ta ba. Suka wuce rumfar keke, suka wuce layin bishiyoyi.

"Yarinyar nan mai wandon lemo," ya ce can. "In kun ci, me za a ba ku?"

Dineke ta kau da kai. "Wanka, Baba."

"Wanka."

"I."

"Ba su da ruwa a gidajensu?"

Ba ta ga amfanin ƙarin bayani ba. Suka ci gaba har wata ƙaramar gada ta kan rafi. A nan ya tsaya ya dafa ƙarfen gadar.

"Nawa ya ce? Daga ƙofar gida zuwa ƙofar coci."

"Baba, yau Lahadi."

"Tambayarki na yi."

"Dubu uku da ɗari tara," ta ce da ƙyar. "Da 'yan kai."

"Da goma sha huɗu."

Ta juyo ta dube shi baki buɗe. Shi rafin yake kallo.

"Ƙirgawa kake, Baba?"

"Shekara sittin. In mutum yana tafe ba ya magana, me zai yi da kansa?" Ya gyara malfa. "Ran da na fara kai uwarki cocin nan, dubu uku da ɗari ɗaya ne. Shekara arba'in bai canza ba. Bara ya kai dubu uku da ɗari bakwai. Bana ga inda muke. Hanyar kuwa ba wanda ya ƙara mata ko taku ɗaya."

Dineke ta dubi ƙafafunsa. Kullum tana auna tsofaffin mutane, ta san wanda ƙafarsa ta fara ja tun iyalinsa ba su lura ba, amma nata tsohon da take jerawa da shi duk mako ba ta gani ba, don duk sanda ya rage taku ita ma ragewa take ba ta sani ba. Tausayinsa ya kama ta, da haushin kanta, idonta ya kawo ruwa a kan titi, ranar Lahadi, da malfa a kanta.

"Ban gaya wa kowa ba," in ji Baba. "Da na ga abin nan a hannunki, na ce shi ke nan, roba ta riga ni gaya mata."

"Ni jimla kawai nake dubawa, Baba. Ban gane komai ba."

"To yanzu kin gane." Ya saki ƙarfen gadar. "Laifi dai laifi ne, naki da nawa. In mun isa kowa ya roƙi gafarar nasa. Zo nan, gadar nan tana da santsi."

Gadar a bushe take ƙayau. Ta matso ta kama shi, sai ta ji nauyinsa ya sauko mata a hannu gaba ɗaya, nauyin da ta sani sarai a gidajen mutane, na wanda ya daina yin kamar shi ke riƙe da kai. Ta tokare shi yadda ta iya, suka taka.

"Baba, in ka gaji mu..."

"Yi shiru, yarinya, kin ɓata mini lissafi. Dubu da nawa muke a gada?"

"Ban sani ba."

"Kin gani? Sati biyar da na'ura, ba ki san komai ba."

Suka soma daga ɗaya, shi yana motsa leɓe, ita tana ƙirgawa a zuci. Ƙararrawar coci ta buga ta gama suna hanya, ba wanda ya ƙara sauri.